Vince Lombardi: Kocin da ɗan benci ya fitar da shi kunya

An haifi Vince Lombardi a unguwar Brooklyn ta birnin New York ranar 11 ga Yunin 1913. A 1959 ya karɓi horar da Green Bay Packers, ƙungiyar ƙwallon ƙafa samfurin Amurka, wadda wasa ɗaya tak ta ci a kakar da ta gabata.

Ranar 15 ga Janairun 1967 ƙungiyarsa ta kara da Kansas City Chiefs a wasan Super Bowl na farko. Ana farawa sai Boyd Dowler, ɗan wasan da aka dogara da shi wajen cafe ƙwallo, ya ji rauni a kafaɗa. Lombardi ya sako Max McGee mai shekara 34, wanda ƙwallo huɗu kacal ya cafe a duk kakar, kuma ya raba dare yana yawo a gari don bai zaci zai buga ba. McGee ya cafe bakwai, ya kai biyu har ƙarshen fili, Packers ta yi nasara da 35 da 10.

Lombardi ya lashe gasar NFL sau biyar cikin shekara bakwai. Kansar hanji ta yi ajalinsa ranar 3 ga Satumban 1970, yana da shekara 57. Har yau sunansa kofin Super Bowl ke ɗauke da shi.