Abdurrahman ɗan Aufu, baƙon da ya nemi hanyar kasuwa

'Yan'uwa, mu da muka baro gida neman halal, ga abin koyi. Abdurrahman ɗan Aufu (RA) ya isa Madina hannu rabbana. Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, ya gode, ya nemi a nuna masa kasuwa kawai. Da cuku da man shanu ya fara, har ya yi aure da guminsa. Ya halarci Badar, a Uhudu kuma ya samu raunukan da suka bar shi da ɗingishi. Bayan wafatin Annabi (SAW) ya riƙa ɗawainiya da iyayen muminai. Ya rasu shekara ta 32 bayan Hijira. Baƙo in ya sauka wurinmu, mu nuna masa kasuwa. Allah ya yi wa nemanmu albarka.