Harry Truman: Manomin da ya ƙi gudun bashi

An haifi Harry Truman a jihar Missouri ta Amurka a 1884. Shekara 11 ya yi yana noma a gandun gidansu, kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kai shi Faransa, inda ya jagoranci sojojin igwa da muƙamin kyaftin. Da ya dawo, shi da abokinsa suka buɗe kantin tufafin maza a Kansas City. Jari ya karye a 1922, amma ya ƙi fakewa da dokar karayar arziki. Ya haura shekara 10 yana biyan bashin. Yana mataimakin shugaban ƙasa Roosevelt ya mutu a 1945, ragamar mulki ta dawo hannunsa. Ya rasu a 1972.