Rowland Bingham: Mutumin da Ya Koma Gida Shi Kaɗai

Kowane manomi a Gidan Sori ya san binne. Ƙasa a bushe, rana tana dukan ƙeya, ko gajimare babu a sama, sai mai gida ya buɗe rumbu ya ɗebi hatsin da yara za su iya ci, ya tafi gona ya zuba shi cikin rairayi, ya rufe da ƙafa. Baƙon da bai san noma ba zai ce mutumin nan ɓarna yake yi. Wata shekara ma ruwa yakan yi yayyafi ya ɗauke, iri ya tsiro ya ƙone, dole a koma rumbu a sake ɗiba. Mutumin da za mu ba ku labarinsa sau biyu yana shuka tana ƙonewa, kuma abin da ya binne ya fi hatsi tsada.

An haifi Rowland Bingham a Ingila, a wani gari da ake kira East Grinstead, ran 19 ga Disamba 1872. Mahaifinsa ya rasu tun yana yaro, gidan ya shiga wahala. Yana da shekara 15 ya ji wa'azin wata ƙungiyar masu bi da ake kira Rundunar Ceto. A nan ya gane shi mai zunubi ne, ya gane kuma Yesu Almasihu ya riga ya ɗauki hukuncin zunubinsa a kan gicciye. Ya tuba, ya ba da gaskiya. Shekara ta zagayo ya ƙetare teku zuwa Kanada, ya shiga aikin wa'azi.

A 1893, a birnin Toronto, wata dattijuwa mai suna Margaret Gowans ta gayyace shi cin abinci a gidanta. Matar nan ta riga ta ba da 'yarta ga aikin Bishara a ƙasar Sin, ɗanta Walter kuma ya ƙudura zuwa ƙasar Sudan. A lura, ba ƙasar da ake kira Sudan a yau ake nufi ba. A bakin mutanen wancan zamani, Sudan ita ce dukan ƙasar baƙar fata da ke kudu da hamada, tun daga yamma har kusa da Habasha, ƙasar Hausa tana tsakiyarta. Wato mu ke nan ake magana. Dattijuwar ta zauna ta yi ta bayyana masa yadda miliyoyin mutane ke zaune a can ba mai gaya musu labarin gicciye. Maganar ta shige shi, ta hana shi sakat. Ba a daɗe ba ya shiga jirgin ruwa ya bi Walter zuwa Ingila.

Ba ƙungiyar mishan ko ɗaya da ta yarda ta aike su. Wasu suka ce ba kuɗi, wasu suka ce ƙasar tana cin Turawa. Wani abokin karatun Walter daga Amurka, Thomas Kent, ya zo ya zama na ukunsu. Ran 4 ga Disamba 1893 suka sauka Legas. Dukansu samari ne, Bingham ne ƙaraminsu, bai cika shekara 21 ba. A lokacin Faransawa ba su iso Maraɗi ko Tsibiri ba tukuna, Kano kuwa tana shiga yaƙin basasa.

Shugaban wata mishan a Legas ya dube su ya faɗa musu gaskiyar abin da ya gani. Ya ce ba za su ga Sudan da idonsu ba, 'ya'yansu ma ba za su gani ba, sai ko watakila jikokinsu. Ba mugunta ce ta sa shi faɗin haka ba. Ya san yawan Turawan da aka riga aka binne a bakin tekun nan.

Kaburbura biyu

Tun ba a je ko'ina ba zazzaɓi ya kwantar da Bingham. Aka shirya ya zauna Legas yana karɓar saƙo yana aika musu da guzuri, su biyun kuma su nausa arewa. Suka kai Bida, ƙasar Nufawa. Kaya suka ƙare, Kent ya juyo neman ƙari, Walter Gowans ya ci gaba ba ɗan'uwa ko ɗaya tare da shi. A hanya ya faɗa hannun mayaƙan Sarkin Kwantagora, waɗanda ke harin bayi a yankin. Daga baya aka sake shi, amma ciwo ya riga ya cinye jikinsa. A watan Nuwamba 1894 ya rasu a Girku, cikin ƙasar Zazzau. A watan Disamba Kent ma ya rasu a Bida, yana kan hanyar komawa wurin abokinsa da kaya.

Shekara guda ke nan da saukarsu. Ba su gina ɗakin sujada ba, ba su yi wa kowa baftisma ba, ba su kafa tasha ko ɗaya ba. A 1895 Bingham ya tattara 'yan kayan Walter ya koma Kanada.

Ya mai karatu, ka sa kanka a matsayinsa. Ku uku kuka fita, kai kaɗai ka dawo, kai da ko cikin ƙasar ba ka shiga ba. Ga shi dole ka je ka yi sallama a ƙofar uwar mamaci, ka miƙa mata kayan ɗanta. Me za ka ce mata?

Ya je. Dattijuwar ta tarye shi, ta riƙe hannunsa, suka yi shiru. Da ta buɗe baki sai ta nuna masa cewa ta gwammace Walter ya tafi Sudan ya mutu can shi kaɗai, da a ce yana zaune a gabanta lafiya lau alhali ya ƙi bin umarnin Ubangijinsa. A ganina, cikin dukan mutanen labarin nan matar nan ce ta fi gane gicciye. Ta san Uban da ya ba da makaɗaicin Ɗansa, don haka ba ta ga an zalunce ta ba da aka roƙi nata.

Shi kuwa Bingham bai kai nan ba tukuna. Shi da kansa ya shaida daga baya cewa bangaskiyarsa ta girgiza har tushe. Tambayar da ta dame shi ita ce: don me waɗanda suka fi kowa himmar kai Bishara su ne aka fara yankewa? Ina alkawaran Allah na kiyayewa? Ya yi watanni yana fama da wannan. Kada mu yi saurin ganin laifinsa. Wace uwa ce a cikinmu ta binne ɗa bayan ta kwana tana addu'a, ba ta yi irin tambayar nan ba, ko da a zuci?

Abin ya yi kama da almajiran nan biyu da ke komawa Imuwasu ranar Lahadi, a Luka sura 24. Sun ga an gicciye wanda suka sa zuciya gare shi, suka ɗauka magana ta ƙare, suka kama hanyar gida da baƙin ciki. A idonsu gicciye hasara ce tsantsa. Ba su sani ba a kan itacen nan ne Allah ya gama aikin da ya fi kowane girma, ya ɗora laifin duniya a kan Ɗansa marar laifi, ya kuma tashe shi a rana ta uku. Ubangiji ya riga ya faɗa musu da misalin manoma a Yahaya 12:24, cewa ƙwayar da ba a binne ba ita kaɗai za ta zauna.

Sai dai a nan a yi hankali. Mutuwar Gowans ba ta ceci kowa ba, ta Kent ma haka. Gicciye ɗaya ne tak mai ɗauke zunubi, na Yesu, an kuwa gama wannan sau ɗaya, ba a ƙara masa kome. Wanda Ubangiji ya ce kowane mai binsa ya ɗauka kullum, a Luka 9:23, dabam ne. Ba a sayen ceto da shi. Wanda aka riga aka ceta ne yake ɗaukarsa, don ya san ransa ba nasa ba ne kuma.

Kunya ta biyu

Bingham ya koma karatu. Ya ɗan koyi aikin magani a wani asibiti a Amurka, ya ƙara nazarin Littafi Mai Tsarki, ya riƙe wata ikilisiya a garin Newburgh. A 1898 ya auri Helen Blair. Ga aiki, ga iyali, ba wanda zai zarge shi in ya manta da Sudan. Bai manta ba. Ya yi ta yawo yana roƙon masu bi, har aka kafa 'yar ƙaramar ƙungiya.

A 1900 ya sake sauka Legas da samari biyu. Cikin mako uku zazzaɓi ya sake kayar da shi, aka ɗauke shi aka sa a jirgi zuwa gida. Samarin nan biyu suka ji maganganun masu karya zuciya, su ma suka bi jirgi na gaba.

Wannan faɗuwa ta fi ta fari ciwo. A karon farko akwai kaburbura, mutane suna girmama kabari. A karo na biyu ba kome sai kunya. Kuɗin da talakawan ikilisiya suka tara ya tafi, waɗanda suka ce ba za a iya ba sun sami abin faɗa. Ya lissafta kwanakin nan cikin mafi duhu a rayuwarsa. Mu da muka san nauyin kunya a ƙasar Hausa, har mutum ya bar garinsu saboda ita, mun san abin da ake nufi. Gicciyen Gowans na shekara guda ne. Na Bingham shi ne ya rayu, ana nuna shi da baki, ya kuma tashi ya sake roƙon mutane su ba da 'ya'yansu. Ubangijinsa ma ba ciwon ƙusoshi kaɗai ya sha ba. An tuɓe shi, an tofa masa yau, masu wucewa suna yi masa ba'a.

A 1901 aka aiki mutum huɗu, ban da shi. A 1902 suka kafa tasha a Fategi, a bakin kogin Kwara. Kafin shekara biyu ɗaya ya rasu, biyu sun koma gida da ciwo, saura A. W. Banfield kaɗai, wanda daga baya ya juya Littafi Mai Tsarki zuwa Nufanci. Amma a wannan karo shukar ta kama. Ƙungiyar nan ita ce aka sani da SIM.

Gicciye ba laya ba ne

Akwai wani abu da wahalar nan ta koya wa Bingham, wanda ya shafi gidajenmu. A zamaninsa wasu masu wa'azi suna koyar da cewa tun da Yesu ya mutu a kan gicciye, mai bi na gaske ba zai zauna da ciwo ba, shan magani kuma rashin bangaskiya ne. Bingham ya binciki Littattafai a kan wannan, a 1921 ya fitar da littafi yana amsa musu. Bai musa cewa Allah yana warkarwa ba, ya gaskata da addu'a domin marasa lafiya. Abin da ya ƙi shi ne a ce gicciye ya yi wa kowane mai bi alkawarin lafiyar jiki a duniyan nan kamar yadda ya tabbatar masa da gafara. Manzo Bulus ya roƙi a cire masa ƙaya sau uku ba a cire ba, ya kuma bar abokin aikinsa Tarofimas da ciwo a Militas. Mutumin da ya rasa abokai biyu masu aminci ba zai yarda a ce rashin bangaskiya ne ya kashe su ba.

Har yau akwai masu rataya gicciye a wuyan yaro kamar yadda kakanninmu ke rataya laya, suna tsammani itacen ko ƙarfen zai kore mayu da zazzaɓi. In yaron ya kwanta kuma sai a ce bangaskiyar uwar ce ta kasa. Wannan ba koyarwar Littafi ba ce. A yi addu'a, a kuma ɗauki yaro a kai shi likita tun da wuri.

A 1897 wani likita, Ronald Ross, ya gano a Indiya cewa sauro ne ke ɗaukar zazzaɓin nan. Ma'aikatan mishan suka riƙa shan kwinin kullum suna kwana cikin gidan sauro, mutuwa ta ragu ƙwarai. A 1902 Andrew Stirrett, mai kantin magani a Toronto, ya bar dukiyarsa ya zo. Hausawa suka sa masa suna Bature Mai Magani. Yana cikin waɗanda suka yi aikin Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, ya kuma rasu a Jos a 1948.

Shi Bingham bai taɓa zama a ƙasar Hausa a matsayin ma'aikacin tasha ba. Aikinsa ya zama na tafiye-tafiye, da rubutu a jaridar da ya riƙe tun 1904, da neman ma'aikata, da zuwa ziyara Afirka lokaci lokaci. Wasu ne suka koyi harshen, wasu ne suka ga tubabbun farko. A 1924 ma'aikatan SIM suka shiga Damagaram. Kafin 1930 sun zauna a Tsibiri, nan kusa da mu, a 1940 kuma suka buɗe tasha a Maraɗi. Daga nan Maganar ta bi ƙauyuka, yawancinta a bakin 'yan ƙasa masu bishara, manoma irinmu, waɗanda wasunsu danginsu suka ƙi su saboda sunan Yesu.

Yana cikin shirin bikin cikar aikin shekara 50, yana rubuta tarihinsa, sai ciwo ya same shi farat ɗaya. Ya rasu a Toronto ran 8 ga Disamba 1942, saura kwana 11 ya cika shekara 70. Littafin ya fito a 1943, bayan an binne shi. Asibitin Galmi, inda da yawa cikinmu suka taɓa kai marar lafiya, an buɗe shi a 1950, shekara 8 bayan rasuwarsa, shekara 56 bayan an haƙa kabarin nan na Girku.