Rowland Bingham, Bawan Allah Wanda Bai Fasa Addu'a Ba (1872–1942)

'Yan'uwa masu-bi na Gadarif, a lokacin jubili ya kamata mu tuna da waɗanda suka riga mu. Ga labarin ɗaya daga cikinsu, mutumin da ya roƙi Allah saboda ƙasar Sudan har shekara 49. A zamaninsa in an ce Sudan, ana nufin dukan ƙasar da ta miƙe kudu da hamada, tun daga Senegal har Kogin Nilu. Kano da Katsina da Sakkwato suna ciki, nan inda mu ke zaune kuma yana ciki.

Ƙuruciyarsa

An haifi Rowland Victor Bingham ran 19 ga Disamba, 1872, a East Grinstead ta ƙasar Ingila. Ubansa ya rasu yana da shekara 13, sai ya shiga neman abinci da kansa. Da ya kai shekara 15 ya ji wa'azin mutanen Salvation Army, ya ba da gaskiya ga Ubangiji Yesu Kristi. Bayan shekara ɗaya ya ƙaura zuwa Kanada.

A birnin Toronto ya sadu da wata dattijuwa, uwar Walter Gowans. Matan nan ta zaunar da shi, ta ba shi labarin miliyoyin mutanen Sudan waɗanda ba mai kai musu bishara. Ɗanta ya riga ya tashi, yana Ingila yana neman hanya. Maganar ta kama zuciyar Bingham ƙwarai, har ya bi shi. Wani saurayi na Amurka, Thomas Kent, ya zama na ukunsu. Ba mishan ko ɗaya da ta yarda ta aike su, gama kowa yana ganin abin ba shi yiwuwa.

Tafiya ta fari

Ran 4 ga Disamba, 1893, suka sauka a Ikko, wato Legas. Wani babban mai-wa'azi da ya daɗe a can ya gaya musu ba za su ga Sudan ba, 'ya'yansu ma ba za su gan ta ba, sai ko jikokinsu. Kuɗinsu kuwa ba su isa tafiya ba. Suka keɓe kwanaki domin addu'a, suka sayar da abin da za su iya sayarwa. Ba a daɗe ba jirgi ya kawo musu kuɗi, a ciki har da gādon wata mai aikin gida, wadda ta ba da shi duka. A nan Bingham ya ga Allah yana jin addu'a, yana kuwa amsawa da sauri.

Amma zazzaɓi ya kwantar da shi a Ikko, abokansa biyu suka shiga ƙasa ban da shi. Gowans ya faɗa hannun mayaƙa masu kamun bayi, ya rasa kayansa, ya mutu a Girku ta ƙasar Zazzau a watan Nuwamba, 1894. Kent ya mutu a Bida a watan Disamba na shekaran nan. A 1895 Bingham ya koma Kanada shi kaɗai, ba mai-bi ko ɗaya, sai kaburbura biyu. Ya kai wa uwar Gowans 'yan kayan ɗanta. Ita kuwa ta nuna masa ta gwammace ɗanta ya mutu a Sudan cikin nufin Allah da ya zauna gida cikin rashin biyayya.

Gwajin bangaskiya

Nan ne bangaskiyarsa ta girgiza har gindi. A Toronto ya zauna tare da masu koyar da cewa mai-bi na gaske ba shi bukatar magani, addu'a ta isa. To, ga samari biyu sun ba da ransu duka ga Ubangiji, an yi musu addu'a, sun kuwa mutu. Ashe alkawarin Allah ya faɗi ke nan? Ko kuwa bangaskiyarsu ce ta gaza? Watanni da yawa yana fama da wannan tambaya.

Bai yar da Littafi Mai-tsarki ba, sai ya ƙara bincikensa. Ya ga Manzo Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙaya daga jikinsa, aka ba shi alheri maimakon warkarwa. Ya ga Luka, abokin tafiyar Bulus, likita ne. Ya gane Allah yana da iko ya warkar nan take, yakan kuwa yi haka sa'ad da ya ga dama, amma bai ɗaure kansa ga hanya ɗaya ba. Magani ma kyautarsa ce. Daga baya, a 1921, ya buga littafi da Turanci a kan Littafi Mai-tsarki da jikin mutum, domin ya ta'azantar da marasa lafiya waɗanda a ke ɗora wa laifin rashin bangaskiya.

A 1898 ya auri Helen Blair, ya kuma kafa majalisar mishan a Toronto. A 1900 ya sake sauka a Ikko da samari biyu. Zazzaɓi ya sake kama shi, aka sa shi a jirgi, samarin nan kuma suka karai, suka koma gida. Shekara bakwai ke nan, ba abin nunawa. Mutane da yawa suka janye hannu. Shi dai ya ci gaba da roƙo.

Ƙofa ta buɗe

Ƙungiya ta uku da ya aika ta kafa tasha a Patigi ta ƙasar Nufe, bakin Kwara, a 1902. A shekaran nan Likita Andrew Stirrett ya zo, wanda Hausawa suka sa wa suna Bature Mai Magani. Tun 1897 Ronald Ross ya gano sauro ne ke ɗaukar zazzaɓi. Stirrett ya dage kowane ma'aikaci ya sha kwini kullum, mutuwa kuwa ta ragu ƙwarai. Ku duba yadda Allah ya amsa addu'ar 1894: bai ta da Gowans da Kent daga ciwo ba, amma ya ba da sani da magani, ɗaruruwan da suka biyo bayansu suka rayu.

Mishan ɗin ta ɗauki sunan Sudan Interior Mission. Ta kai Damagaram a 1924, Kano a 1933. A 1932 Littafi Mai-tsarki duka ya fito da Hausa, Stirrett yana cikin masu juya shi. Aka buɗe wuraren jiyyar kutare a lardunan Kano da Katsina da Sakkwato. Mutumin da a dā ya yi shakkar magani, shi ne ya aika da likitoci.

Habasha da Sudan ta gabas

A 1927 aikin ya shiga Habasha ta hannun Likita Thomas Lambie. Da Italiya ta ci ƙasar, ta kori ma'aikatan daga Walayta a 1937. Suka bar masu-bi 48 da aka yi wa baftisma, da ɗan yankin Maganar Allah a harshensu. Ba abin da Bingham ya iya yi musu sai addu'a, ya kuwa tara mutane suna yi. Aka yi wa shugabannin ekklesiyan nan bulala, aka kulle su a kurkuku. Bayan an kori Italiya a 1941, da labari ya fito, sai aka tarar masu-bi sun kai wajen 10,000. Ba ma'aikacin mishan ɗin ko ɗaya a wurin sa'ad da Allah ya yi wannan al'ajibi.

Waɗansu daga cikin korarrun suka shigo Sudan ta gabas, suka buɗe aiki a Doro da Chali cikin Mabaan da Uduk. A Yuli 1940 sojan Italiya suka kama Kassala da Gallabat, maƙwabtanmu. Ran 23 ga Agusta, 1940, jiragensu suka jefa bom a Doro, Likita Robert Grieve da matarsa suka mutu. Aka sake haƙa kaburbura, aikin kuwa bai tsaya ba. Ko da aka kori mishan daga kudancin Sudan a 1964, ekklesiyar da aka dasa ta tsaya da ƙafarta.

Bingham ya huta ran 8 ga Disamba, 1942, saura shekara ɗaya mishan ta yi jubili. Ya bar ma'aikata wajen 400. A 1954 ekklesiyoyin da suka fito daga aikin nan a Nijeriya suka haɗu da sunan ECWA.

Abin koyi a gare mu

Ku manoman dawa da riɗi ne, kun san iri yakan ɓace cikin baƙar ƙasa kafin ya tsiro. Wasiƙar Yaƙub sura 5 ta haɗa haƙurin manomi da addu'ar Iliya wuri ɗaya. Gadarif ta karɓi 'yan gudun hijira daga Tigray a 2020, ta karɓi na Hartum da Gezira bayan yaƙin da ya tashi a 2023. A cikinmu akwai wanda ya roƙi ran ɗansa, ya binne shi. Kada mu ce masa bangaskiyarsa ce ta gaza. Akwai mai ciwo a gida. Mu yi masa addu'a da gaba gaɗi, mu kai shi asibiti kuma, mu gode wa Allah saboda duka biyu. Akwai wanda ya shekara bakwai yana roƙo domin danginsa, bai ga kome ba tukuna. Bari ya tuna da 1900, ya tuna da Walayta.

Allah na Bingham yana da rai, ikonsa bai ragu ba. Ubangiji ya ba mu alheri mu yi ta addu'a, kada mu gaji. Amin.