Tarihin Ibnul Baiɗar, Shugaban Masana Tsirrai, da Darasin da Ya Bar Mana

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwa masu karatu, musamman ɗalibanmu, yau za mu kawo tarihin wani malami wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana bin daji da duwatsu yana duban ganye da saiwa da ɓawo. Shi ne Ibnul Baiɗar. Mu da muke zaune a Njamena, a ƙasar da yawancin mutanenta manoma ne da makiyaya, kuma kasuwanninta cike suke da masu tallar sassaƙe-sassaƙe, muna da bukatar sanin wannan bawan Allah da irin hanyar da ya bi.

Sunansa da asalinsa

Sunansa Abu Muhammad Abdullahi ɗan Ahmad al-Malaƙi, ana yi masa laƙabi da Diya'uddin. An haife shi a yankin Malaƙa, a gaɓar teku ta kudancin Andalus, wato ƙasar Sifen ta yau, wajen shekara ta 593 bayan Hijira (1197 Miladiyya). Kalmar baiɗar a Larabci tana nufin mai yi wa dabbobi magani, musamman dawaki. Ke nan ma'anar sunan da ya shahara da shi ita ce ɗan likitan dabbobi.

Ya taso a lokacin da Andalus take cikin rauni. Yana saurayi aka karya rundunar Muwahhidun a yaƙin Uƙab a 609 (1212), daga nan biranen Musulmi suka riƙa faɗawa hannun Kiristocin arewa ɗaya bayan ɗaya. Duk da wannan hali, makarantu ba su mutu ba.

Malaminsa

Ya yi karatu a Ishbiliyya, kuma babban malaminsa shi ne Abul Abbas an-Nabati, wanda ake kira Ibnur Rumiyya, ya rasu a 637 (1239). Ya kamata ɗalibi ya tsaya a kan wannan malami, domin a wurinsa ne za a gane sirrin almajirin. Abul Abbas malamin Hadisi ne, masanin maruwaita, har ya rubuta cikon littafin al-Kamil na Ibnu Adiy, wanda yake magana a kan raunanan maruwaita. Kuma shi ɗin dai yana da shagon sayar da magungunan itatuwa a cikin gari, ya kuma yi doguwar tafiya zuwa Gabas, ya yi aikin Hajji, yana rubuta tsirran da ya gani a hanya.

Mutumin da ya saba tambayar wa ya faɗa, daga wa ya ji, kuma shin sun haɗu, ba zai karɓi maganar mai magani da ka ba. Wannan tarbiyya ce Ibnul Baiɗar ya sha. Tun yana ɗalibi suke fita bayan garin Ishbiliyya suna tsinko tsirrai, suna gwada abin da suka gani da abin da aka rubuta a littafi.

Tafiye-tafiyensa

Wajen 617 (1220) ya ƙetare teku zuwa Magrib. Ya bi gaɓa yana nufar gabas, ya ratsa Bijaya da Ƙusanɗina a Aljeriya ta yau, da Tunis, da Ɗarabulus, da Barƙa. Ya shiga ƙasar Rum, wato Turkiyya ta yau, inda aka fi samun tsirran da tsofaffin likitocin Yunan suka siffanta. Duk inda ya sauka yakan nemi mutanen wurin, ya tambayi sunan tsiro da harshensu, ya ga inda yake fitowa, ya ji abin da suke yi da shi. Shi ya sa littafinsa ya adana sunayen tsirrai masu yawa da harshen Barbar da na mutanen Andalus, ban da na Larabci da Farisanci da Yunananci.

Daga baya ya zauna a Masar, inda Sarki al-Kamil na gidan Ayyubawa, ɗan ɗan'uwan Salahuddin, ya naɗa shi shugaban masu sana'ar magungunan itatuwa na ƙasar. Da al-Kamil ya rasu a 635 (1238), sai ya ci gaba da hidima a wurin ɗansa, as-Salih Najmuddin Ayyub, yana kai da komo tsakanin Alƙahira da Dimashƙa.

A daidai waɗannan shekaru ne mutanen Kanem, wato kakanninmu na gabashin Tafkin Chadi, suke ratsa Masar a hanyarsu ta Makka. Al-Maƙrizi ya ambaci cewa a shekarun 640 na Hijira sun ba Alƙali Ibnu Rashiƙ dukiya ya gina makarantar Malikiyya a tsohon birnin Masar, suka ci gaba da aika mata kuɗi. Ashe lokacin da wannan malami yake haɗa littafinsa, ɗaliban ƙasarmu suna karatu a gari guda da shi.

Shaidar almajirinsa

Ibnu Abi Usaibi'a, mawallafin tarihin likitoci mai suna Uyunul Anba'i, ya haɗu da shi a Dimashƙa a 633. Ya ba da labarin cewa sukan fita bayan gari tare, malamin yana nuna masa tsirrai a inda suke fitowa. Idan sun zauna karatu, sai ya fara da abin da Diyasƙuridus Bayunane ya faɗa a kan tsiro, ya bi da na Jalinus, ya kawo na malaman baya da wuraren da suka saɓa ko suka yi kuskure, har ya faɗi babin da maganar take a kowane littafi. Almajirin yakan koma ya buɗe littattafan, ya tarar da abin kamar yadda aka faɗa masa. Ya kuma yabe shi da kyawun mu'amala da karamci.

Littattafansa

Mafi girman littattafansa shi ne al-Jami'u li Mufradatil Adwiyati wal Agziya, wanda ya tara magunguna da abinci kusan 1,400 na daga tsirrai da dabbobi da ma'adinai, a jere bisa haruffa. Ya ciro daga marubuta kusan 150, cikinsu har da ar-Razi, da Ibnu Sina, da Abu Hanifa ad-Dinawari mai Kitabun Nabat, da al-Gafiƙi, da al-Idrisi, da malaminsa Abul Abbas. Littafin tafiyar malamin nasa ya ɓata, abin da ya rage mana daga cikinsa shi ne abin da almajirin ya naƙalto.

A gabatarwar littafin ya shimfiɗa sharuɗɗan da ya ɗaura wa kansa. Zai jingina kowace magana ga mai ita. Abin da ya tabbatar da gani da jarrabawa zai riƙe shi, abin da ya saɓa wa gani zai yi watsi da shi ko wane ne ya faɗe shi. Zai nuna inda magabata da na baya suka yi kuskure saboda dogaro da takarda ba tare da ganin tsiron ba. Kuma zai yi wa sunaye wasali da ɗigo, don kada mai kwafa ya canja harafi, magani ya koma guba.

Yana da al-Mugni, wanda ya jera magunguna bisa gaɓoɓin jiki a babi 20, da sharhin littafin Diyasƙuridus, da al-Ibana wal I'ilam, inda ya bi kurakuran littafin Minhajul Bayan na Ibnu Jazla yana gyarawa.

Rasuwarsa

Ya rasu a Dimashƙa, rasuwar fuju'a, a watan Sha'aban na 646 (1248), yana da kimanin shekara hamsin. A shekarar ce kuma Ishbiliyya, garin da ya yi karatu, ta fita daga hannun Musulmi. An buga al-Jami'u a maɗaba'ar Bulaƙ ta Masar a 1291 (1874). An fassara shi da Jamusanci tun 1840 zuwa 1842, sannan wani likita Bafaranshe mai suna Lusiyan Laklar ya fassara shi da Faransanci daga 1877 zuwa 1883. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Tsirrai biyu na farkon littafin

Wanda ya buɗe al-Jami'u zai fara cin karo da tsirrai biyu, kuma abin da binciken zamani ya yi da su ya isa darasi.

Na biyunsu shi ne aɗrilal, suna ne na Barbarci. Ibnul Baiɗar ya kawo labarin wata ƙabila a yankin Bijaya da take maganin albaras da 'ya'yan wannan tsiro: mai ciwo ya sha, sannan ya zauna a rana yana shanya wurin da fatar ta yi fari. Sun daɗe suna ɓoye sirrin, ɗa yana gada daga uba. Bayan shekara ɗari bakwai, masu sayar da magani a Masar suna nan suna tallar gari da wannan suna. Sai masana biyu na jami'ar Alƙahira, Fahmi da Abu Shadi, suka tace sinadarin da yake aiki daga 'ya'yan tsiron a 1947, likitan fata Abdul Mun'im al-Mufti ya jarraba shi a kan masu albaras ya fitar da sakamako a 1948. Wannan sinadari, wanda ake kira metoksalen, shi ne aka riƙa haɗawa da hasken wata fitila ta musamman a asibitocin duniya ana maganin albaras da wasu cututtukan fata. Binciken ya kuma nuna haɗarinsa: idan ya yi yawa yana ƙona fata, yana cutar da ido, har dabbobin da suka ci tsiron da yawa fatarsu takan saluɓe a rana.

Na farkon kuwa shi ne alusan, suna ne na Yunananci, kuma magabata sun ɗauka yana maganin cizon mahaukacin kare. Ibnul Baiɗar ya naƙalto wannan daga gare su, ya jingina musu. Yau an tabbatar babu wani ganye ko saiwa da take warkar da wannan ciwo. Idan alamunsa suka bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a tashi. Abin da yake tsarewa, da izinin Allah, shi ne a wanke cizon nan take da ruwa da sabulu na kamar minti 15, a garzaya asibiti a karɓi allurar rigakafi, wadda Luwi Fasto ya fara yi wa mutum a Faransa a 1885.

A nan Njamena ma an yi bincike a kan wannan ciwo wanda duniya ta amfana da shi. Cibiyar binciken kiwo ta Farsha, wadda yanzu ake kira IRED, tare da wata cibiyar lafiya ta ƙasar Suwizalan, sun bi unguwa-unguwa suna yi wa karnuka allura kyauta a 2012 da 2013, har suka kai kimanin kashi 70 cikin ɗari na karnukan birnin. Ciwon ya ɗauke a cikin gari na wani lokaci, sai daga baya karnukan da suke shigowa daga waje suka dawo da shi. Sakamakon ya nuna cewa yi wa kare allura ita ce hanya mafi sauƙin kuɗi ta tsare ran ɗan Adam.

Tsiro ɗaya bincike ya gaskata shi, ɗaya ya ƙaryata shi, kuma suna maƙwabtaka a shafi guda. Wannan bai rage darajar malamin ba, tunda shi da kansa ya sa sharaɗin cewa gani da jarrabawa su ne alƙali.

Abin da ya rage gare mu

Na farko, ga masu sana'ar magani. Kasancewar magana tana cikin tsohon littafin Larabci bai mayar da ita wahayi ba. Wanda ya riƙe yaron da kare ya ciza yana ba shi jiƙo har kwanaki suka wuce, ya ɗauki alhakin rai, kuma malaman Fiƙihu sun yi bayanin cewa wanda ya yi wa mutane magani ba da sani ba, shi ne da lamunin ɓarnar da ta biyo baya. Haka makiyayi da yake ɓoye garkensa idan masu allura sun zo. Manyanmu sun san ɓarnar da bushiya ta yi wa shanu. Da allura aka yaƙe ta, Farsha tana cikin wuraren da suka haɗa allurar, aka fara babban gangami a ƙasashen Tafkin Chadi a 1962, har aka ba da sanarwar ƙarewarta daga duniya a 2011.

Na biyu, batun suna. Abin da Bahaushe yake kira aduwa, Balaraben Chadi hajlij yake ce masa. Tsamiya ita ce ardeb, bagaruwa ita ce garad, filasko shi ne sana na littattafan Larabci. Waɗannan an san su, amma akwai ɗaruruwan tsirrai da sunansu yake canjawa daga Hausa zuwa Barbarcin Borno zuwa Fulatanci zuwa harsunan kudu, wani lokaci kuma suna ɗaya ya hau kan tsirrai biyu. Mai karanta littafi ya ga suna, ya je kasuwar Dembe a ba shi wani abu dabam. Wannan shi ne kuskuren da Ibnul Baiɗar ya yi ta gargaɗi a kai.

Na uku, ga ɗalibai. Matan Kanembu sun daɗe suna kwasar dihe daga tafkunan kanwa suna shanyawa suna miya da shi. A 1964 wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Jan Leyonar, ya gan shi a kasuwar wannan birni, lokacin ana kiransa Fort-Lamy, aka bincika aka tarar fiye da rabin nauyin busasshensa sinadarin gina jiki ne. Yau ana noma shi a ƙasashe da yawa da sunan sifirulina. Ilimin yana hannun iyayenmu mata, amma baƙo ne ya tsaya ya yi tambaya ya rubuta. Dattawan da suka san daji suna ƙarewa, dajin ma yana ƙarewa. Ɗalibin da ya iya Larabci, ya iya harshen gida, ya je ya karanci aikin gona ko likitancin dabbobi ko haɗa magunguna, shi ne zai iya zama da makiyayi ya ji, ya koma ɗakin gwaji ya tantance. Wannan karatu farilla ce ta kifaya, idan al'umma ta bar shi gaba ɗaya, laifin yana kan kowa.

Allah Ya jiƙan Ibnul Baiɗar da malamansa, Ya sanya albarka a gonakinmu da dabbobinmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya azurta 'ya'yanmu da ilimi mai amfani. Allah ne Mafi sani.