Muhammadu Bello Mai Wurno: ɗan Sarkin Musulmin da zangonsa ya zama gari a Sudan

Kudu da birnin Sinnar, a gaɓar yamma ta Shuɗin Kogin Nilu, akwai wani gari da Larabawan Sudan ke kira Mayirno. Sunan ba na Larabci ba ne. Laƙabin mutumin da ya kafa garin ne, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Harshen maƙwabta ne ya lanƙwasa shi ya koma haka.

Mai Wurno ɗan gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne ta wajen uba. Mahaifinsa Attahiru ɗan Ahmadu ne, ɗan Abubakar Atiku, ɗan Shehu. Wurno kuwa, wadda laƙabinsa ke nuni gare ta, ita ce garin ribaɗin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa arewa maso gabas da Sakkwato.

An naɗa Attahiru a ƙarshen shekarar 1902, lokacin da Turawan Ingila suka riga suka doso. Kano ta faɗi a watan Fabrairun 1903, Sakkwato kuma ranar 15 ga Maris. Attahiru ya ƙi zama ƙarƙashinsu, ya zaɓi hijira zuwa gabas. Wannan ba sabon tunani ba ne a wurin jama'ar Shehu, domin an daɗe ana riƙe da zancen cewa a ƙarshen zamani za su ƙaura zuwa wajen Nilu da Makka. Shi ya sa duk inda ayarin ya ratsa sai manoma su ajiye fartanya su bi, har abin ya tayar wa Turawa hankali.

A Burmi, kusa da Kogin Gongola a ƙasar Gombe ta yau, aka yi karon ƙarshe ranar 27 ga Yulin 1903. Attahiru ya faɗi a fagen daga tare da mutane sama da 600. Waɗanda suka tsira suka ci gaba da tafiya, kuma a kan ɗansa Mai Wurno nauyin babban rukuninsu ya faɗa. Akwai wasu manya da suka kama hanyar, irin su Sarkin Misau Ahmadu da malamin Tijjaniyya Alfa Hashim, wanda ya ƙare rayuwarsa a Madina.

Tsohuwar hanyar alhazai suka bi, wadda ta ratsa ƙasar Chadi ta yau zuwa Sudan, a ƙafa da kan dabbobi, ana yada zango a yi noma ko ƙwadago kafin a ƙara gaba. Wajen shekarar 1906 suka iso gaɓar Shuɗin Nilu, suka sauka a Shaikh Talha, ƙauyen da ke ɗauke da sunan wani malami Bafillace da ya riga su zama a yankin. Daga baya Mai Wurno ya haye kogi da mutanensa ya kafa nasa garin.

A nan suka tarar da abin da suka gudo wa ya riga su isowa. Tun 1898 sojojin Ingila da Masar suka rusa daular Mahadi a yaƙin Karari, kusa da Omdurman. Mutumin da Turawa suka kashe mahaifinsa sai ga shi yana neman wurin zama a hannun Turawa. Bai ɗauki makami ba. Ya nemi ƙasar noma da izinin riƙe jama'arsa, hukuma kuma ta amince masa da matsayin Sultan.

Kowane ɓangare da abin da yake so. Turawa na buƙatar hannayen aiki, domin suna gina madatsar ruwa ta Sinnar, wadda aka kammala a 1925 don shayar da gonakin auduga na Jazira, filin da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu. Mai Wurno kuma yana da mutane: almajirai, da bayin gida, da alhazan da guzuri ya ƙare musu a hanya. Mayirno ta zama masauki inda baƙo daga Kano ko Katsina ko Damagaram zai sami mai jin harshensa, da abinci, da labarin inda ake ɗaukar aiki. Daga nan aka riƙa fita ana kafa sababbin ƙauyuka a bakin kogi da wajen Dindir da Rahad.

Duk da haka Turawa ba su saki jiki da shi ba. Gwamnatin mulkin mallaka ta Arewacin Najeriya ta daɗe tana tsoron kada ɗan Attahiru ya zama tutar masu jiran Mahadi. A tsakiyar shekarun 1920 ta aika jami'inta G. J. Lethem ya bi hanyar alhazai har Sudan da Jidda don ya binciko abin da mutanen yamma ke ƙullawa. Cikin wannan zargi Mai Wurno ya yi sarautarsa. Wasu na ganin ya sassauta wa waɗanda mahaifinsa ya mutu yana yaƙa. Wasu na ganin da bai yi haka ba, da jama'ar Burmi sun watse ba a san inda suka shiga ba.

Ya rasu a shekarun 1940, aka binne shi a garin da ya kafa, ɗansa Muhammadu Ɗahiru ya gaje shi. Wanda ya bi sawun kaburburan gidan zai ga tarihin da idonsa. Shehu na Hubbare a Sakkwato tun 1817, Muhammadu Bello na Wurno tun 1837, Attahiru ya kwanta a Burmi, Mai Wurno kuma a bakin Nilu. Matafiyi yakan yi salla a inda ya ga dama ya wuce. Amma ranar da aka gina masallacin Juma'a, aka kuma keɓe fili aka fara binne iyaye, zango ya zama gida ko da bakin mutane bai daina cewa suna kan hanyar Makka ba. Wannan hali na ƙauyukan Hausawan Jazira shi ne C. Bawa Yamba ya rubuta littafi a kansa a 1995. Kafin shi, a 1981, Mark Duffield ya wallafa nasa a kan Mayirno kanta.

Doka ba ta yi saurin yarda da abin da maƙabarta ta shaida ba. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1948, da ta 1957 bayan samun 'yancin kai, sun nemi mutum ya nuna cewa kakanninsa na Sudan tun 31 ga Disambar 1897. Waɗanda suka iso da Mai Wurno sun makara da 'yan shekaru, sai 'ya'yansu da aka haifa a can suka riƙa shan wahalar takardu, ana haɗa Bahaushe da Bafillace da Babarbare a kira su Fallata. Dokar 1994 ce ta mayar da ranar zuwa 1 ga Janairun 1956.

Gyaran doka bai kashe maganar ba. A watan Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu maƙwabtansu kan ƙasa da neman sarautar gargajiya, ya sake tashi a watan Oktoba, aka rasa ɗaruruwan rayuka. Yaƙin da ya fara a Afrilun 2023 kuma ya kai Wad Madani da jihar Sinnar, ya tarwatsa iyalai da dama daga ƙauyukan da kakanninsu suka sare dajinsu.

Bahaushen Kumasi ko Yawunde ko Njamena ya san tambayar da ake yi wa ɗan'uwansa na Sudan, ta yaushe ka zo kuma yaushe za ka koma. A Mayirno ana iya amsa ta da masallaci da gonaki da kaburburan zuriya huɗu ko biyar. Allah ya jiƙan Mai Wurno da waɗanda suka kwanta kusa da shi, ya mayar da na raye gidajensu lafiya.