DR. AGGREY: MUTUMIN DA BA A IYA ƘWACE MASA FARIN CIKI BA

Karatu: Filibiyawa 4:4-13

Ɗan'uwa mai karatu, ko takardar sidi biyar da Babban Bankin Ghana ya fitar a shekara ta 2017 ta taɓa shiga hannunka a kasuwar Nima ko a cikin trotro? Hoton da ke jikinta na James Kwegyir Aggrey ne. Mutane da yawa sun san shi babban malami ne. Yau muna so ka san shi a matsayin bawan Yesu Almasihu wanda wulakanci ya kāsa raba shi da murna.

An haifi Aggrey a garin Anomabu, a bakin teku, a shekara ta 1875. Mahaifinsa mai magana da yawun sarki ne. An yi masa baftisma tun yana yaro, ya kuma yi karatu a makarantar Metodis a Cape Coast. A 1898 ya haye teku zuwa Amurka, ya shiga kwalejin Livingstone da ke Salisbury a jihar North Carolina. Can ya zama malami, aka naɗa shi fasto, ya auri Rose Douglas a 1905. Ya yi shekaru yana kiwon ƙananan ikkilisiyoyi biyu na baƙaƙen fata talakawa a ƙauye.

A zamanin nan, a kudancin Amurka, doka ce ta raba baƙi da fari a makaranta, a jirgin ƙasa, har a wurin cin abinci. Ilimin Aggrey bai tsare shi daga wannan ba. Da ya zaga ƙasashen Afirka tare da wani kwamitin binciken ilimi a 1920 zuwa 1921, ya sake gamuwa da reni, musamman a Afirka ta Kudu. An ba da labari cewa a cikin wani jirgin ruwa an ware shi a teburinsa shi kaɗai, don kada ya ci abinci da Turawa. Maimakon ya yi fushi, sai ya mai da abin raha: su da yawa suna jiran mai kawo abinci guda, shi kuwa yana da nasa shi kaɗai.

Kada ka ɗauka abin bai yi masa zafi ba. Mutum ne kamarka, ya kuma san zalunci zalunci ne. Amma ya riga ya san wanda ya fanshe shi. Wanda ya tabbata cewa Ɗan Allah ya mutu dominsa, ba ya jiran mai tebur ya faɗa masa darajarsa. Saboda haka bai ɓata ƙarfinsa wajen riƙon mutane a zuci ba, sai ya zuba shi cikin aiki. Yakan koyar cewa piyano yana da maɓallai baƙaƙe da farare, waƙa mai daɗi kuwa sai an haɗa su duka. Har yau waɗannan maɓallai suna kan tambarin makarantar Achimota, nan arewacin Accra, inda ya zama mataimakin shugaba bayan ya komo gida a 1924. Ya kuma dage a ba 'ya'ya mata ilimi kamar maza.

An buɗe makarantar a watan Janairu 1927. Bayan 'yan watanni ya tafi Amurka ya ga iyalinsa, ya kuma ƙarasa rubutun digirinsa na dakta a jami'ar Columbia. Bai ƙarasa ba. Ciwon sanƙarau ya kama shi, ya rasu a New York ranar 30 ga Yuli 1927, yana da shekara 51. Da a ce murnarsa tana rataye ga takardar shaida, da ya mutu hannu wofi. Amma abin da ya riƙe tun yana yaro, mutuwa ba ta iya karɓewa.

To, kai fa? Wataƙila kana zaune a Nima ko Maamobi, ku shida a ɗaki guda, mai gida yana neman kuɗin haya na shekara biyu. Wataƙila ka je neman aiki, da jin sunan unguwarku sai fuskar mai ɗauka ta sāke. Wataƙila dangi sun juya maka baya saboda ka bi Almasihu. Manzo Bulus yana cikin kurkuku sa'ad da ya rubuta wa Filibiyawa, duk da haka ya ce ya koyi wadar zuci a cikin yunwa da ƙoshi. Ka lura, koya ya yi. Kai ma za ka iya koya. Ka kai damuwarka gaban Allah da godiya kowace safiya. Ka gafarta wa wanda ya rena ka kafin rana ta fāɗi. Sa'an nan ka tashi ka yi aikin da ke gabanka da aminci.

Addu'a: Ya Uba na sama, na gode maka domin darajata tana cikin Ɗanka Yesu. Ka cire ɗaci daga zuciyata, ka cika ni da salamarka, ka koya mini wadar zuci. A cikin sunan Yesu, Amin.